Haɗin Kan Kiristoci da Saɓanin Auren Jinsi: Matsayin Dutse a Rikicin Coci-cocin Duniya

Kusan shekara talatin ke nan manyan ɗarikun Kirista na duniya suna jayayya a kan luwaɗi da maɗigo da auren jinsi. Jayayyar ta raba mabiya Anglikan zuwa sansani biyu, ta farfasa ɗarikar United Methodist, ta kuma kai bishop-bishop na Katolika a Afirka ga ƙin aiwatar da takardar da Fafaroma ya amince da ita. Nijeriya tana tsakiyar wannan dambarwa, domin Cocin Anglikan na Nijeriya na cikin mafiya yawan mabiya a ɗarikar, kuma shugabanninsa ne suka ja ragamar masu adawa da sauyin da aka yi a Amurka da Kanada da Birtaniya.

Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, tana da bishop na Anglikan da majami'un Katolika da ECWA da Baptist da na Fentikos, don haka duk shawarar da aka yanke a Kantabari ko Rum ko Abuja tana shafar ta ta wata fuska. Sai dai yanayin batun a Jigawa ya bambanta da na ƙasashen Yamma. Ɗarikun da ke jihar ba su da saɓani a koyarwarsu ta hukuma game da aure. Abin da ake taƙaddama a kansa shi ne da wa za su ci gaba da zumunci a ƙetare, wa ke da ikon yanke hukunci, kuma ina iyakar koyarwar coci da dokar ƙasa.

Kiristocin Dutse da tsakiyar Jigawa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan 4.3, mafi yawansu Musulmi. Kiristocin jihar tsiraru ne, kuma sun ƙunshi ma'aikatan gwamnati da jami'an tsaro da 'yan kasuwa daga Kudu da yankin tsakiyar Nijeriya, da ɗalibai da malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, sai kuma Hausawa 'yan ƙasa waɗanda da yawansu zuriyar Maguzawa ce.

Kiristanci ya shigo ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu manya. Ta farko ita ce ta mishan na Anglikan, waɗanda suka isa Kano a 1900 tare da Bishop Herbert Tugwell da Dakta Walter Miller, Sarkin Kano Alu ya sallame su, daga baya suka kafu a Zariya da Wusasa. Ta biyu ita ce ta mishan ɗin SIM, wadda ta buɗe asibitoci da makarantu a lardin Kano, ciki har da Roni da ke Jigawa ta yau, kuma daga aikinta ne ECWA ta samu a 1954. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Dayosis ɗin Anglikan na Dutse na cikin dayosis biyar na aikin bishara da aka kafa a Arewa a 1996, a zamanin Akbishop Abiodun Adetiloye, tare da Kebbi da Damaturu da Jalingo da Otukpo. Bishop Yusufu Lumu ne ya fara jagorantarsa, Bishop Markus Yohanna Danbinta ya biyo baya. Dutse na cikin Lardin Kaduna. Mabiya Katolika na jihar kuwa suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa.

Haɗin kai iri biyu

Kalmar haɗin kai tana ɗauke da ma'ana biyu a wurin Kiristoci, kuma rashin rarrabe su ne ke rikitar da mai bibiyar labarin. Ma'ana ta farko ita ce tarayya, wato coci biyu su yarda cewa bangaskiyarsu ɗaya ce, kowanne ya amince da limaman ɗaya, su kuma ci Jibin Ubangiji tare. Wannan ita ce alaƙar da ke tsakanin dayosis ɗin Dutse da na Legas, kuma ita ce ta kasance tsakanin Anglikan na Nijeriya da na Ingila. Tushenta a Littafi Mai Tsarki shi ne addu'ar da Yesu ya yi a sura ta 17 ta Linjilar Yohanna, inda ya roƙa wa mabiyansa su zama ɗaya.

Ma'ana ta biyu ita ce haɗin gwiwa tsakanin ɗarikun da ba su da aƙida ɗaya. Wannan shi ne aikin Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, wadda aka kafa a 1976, mai rukunoni biyar: Katolika, majalisar da ta haɗa Anglikan da Methodist da wasu tsofaffin coci-coci, Fentikos, coci-cocin da 'yan Afirka suka kafa, sai TEKAN da ECWA. Sunan TEKAN ma Hausa ne: Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya. A ƙarƙashin CAN, limamin Katolika da faston Baptist suna zama a teburi ɗaya, alhali sun saɓa a kan baftismar jarirai da matsayin Fafaroma da na Maryamu, kuma ba sa cin jibi tare. Rikicin auren jinsi ya fi cutar da haɗin kai iri na farko. Na biyun bai girgiza da shi ba a Nijeriya.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu riƙe da tsohuwar koyarwa suna kafa hujja da labarin halittar namiji da mace a farkon Littafin Farawa, da hani da ke cikin Littafin Firistoci sura ta 18 da ta 20, da maganar Manzo Bulus a sura ta farko ta wasiƙarsa ga Romawa da sura ta 6 ta wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa. A wurinsu nassi a bayyane yake, kuma cocin da ya sanya albarka ga abin da nassi ya kira zunubi ya ɗora al'adar zamani a kan maganar Allah. Don haka suke cewa ainihin rigimar ta ikon Littafi Mai Tsarki ce, jima'i dai shi ne wurin da ta bayyana.

Masu goyon bayan sauyi suna cewa waɗannan ayoyi sun yi magana ne a kan fin ƙarfi da bautar gumaka da lalata da yara da aka sani a wancan zamani, ba su hango zaman amana na dindindin tsakanin baligai biyu ba. Suna tunatar da cewa coci ya taɓa sauya fahimtarsa a kan bauta da matsayin mata, suna kuma kawo misalin taron Manzanni a sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni, inda aka karɓi waɗanda ba Yahudawa ba ba tare da tilasta musu kaciya ba.

Akwai tambaya ta uku wadda ita ce ta fi raba kawuna: shin wannan saɓani na cikin waɗanda za a iya zama tare da su, kamar saɓanin abinci da ranakun ibada da Bulus ya yi magana a kai a sura ta 14 ta Romawa, ko kuwa ya taɓa ginshiƙin bangaskiya? Mutum biyu na iya yarda cewa auren jinsi bai halatta ba, amma ɗaya ya ce a yanke zumunci da masu yinsa, ɗayan ya ce a zauna a ci gaba da muhawara.

Yadda Anglikan suka rabu

Tarayyar Anglikan ta ƙunshi larduna 42 masu cin gashin kansu, da mabiya kimanin miliyan 85. Ba ta da shugaba mai iko irin na Fafaroma. Abubuwa huɗu ne ke ɗaure ta: ofishin Akbishop na Kantabari, taron bishop-bishop na Lambeth da aka fara a 1867, majalisar tuntuɓa ta ACC, da taron shugabannin larduna. Cocin Nijeriya ya zama lardi mai zaman kansa ranar 24 ga Fabrairu, 1979.

A taron Lambeth na 1998 aka zartar da ƙuduri mai lamba 1.10 da ƙuri'a 526, masu adawa 70, wasu 45 suka ƙaurace. Ƙudurin ya ce aikata luwaɗi bai dace da Littafi Mai Tsarki ba, bai kuma ba da shawarar sanya albarka ga zaman jinsi ɗaya ba. Haka nan ya yi alkawarin sauraren mutanen da abin ya shafa, ya tabbatar musu cewa Allah na ƙaunarsu, ya kuma yi tir da tsangwamarsu. Tun daga lokacin kowane ɓangare yana zargin ɗayan da ɗaukar rabin ƙudurin ya bar rabi.

A 2002 dayosis ɗin New Westminster a Kanada ya amince da sanya albarka ga masu zaman jinsi ɗaya. Ranar 2 ga Nuwamba, 2003, cocin Episcopal na Amurka ya naɗa Gene Robinson, wanda ke zaune da namiji ɗan'uwansa a fili, bishop na New Hampshire. Cocin Nijeriya a ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola ya yanke hulɗa da cocin Amurka. A Satumbar 2005 ya gyara kundinsa, ya cire sharaɗin tarayya da Kantabari, ya maye gurbinsa da tarayya da duk cocin Anglikan da ya riƙe koyarwar asali. A 2006 aka naɗa Martyn Minns a Abuja domin ya kula da ikilisiyoyin Amurka da suka koma ƙarƙashin Nijeriya. Ƙasar da a da ake aiko mata 'yan mishan ta fara aika bishop zuwa Amurka, abin da cocin Amurka ya ɗauka kutse ne cikin huruminsa.

A Yunin 2008 aka yi taron GAFCON na farko a birnin Ƙudus, da mahalarta sama da dubu ɗaya, kusan 300 daga cikinsu bishop-bishop. Nijeriya ta ƙaurace wa taron Lambeth na wannan shekarar, ta sake ƙaurace wa na 2022 tare da Yuganda da Ruwanda. Ranar 9 ga Fabrairu, 2023, majalisar Cocin Ingila ta amince da addu'o'in sanya albarka ga ma'aurata jinsi ɗaya, duk da ta ce koyarwarta game da aure ba ta sauya ba. A Afrilun wannan shekarar taron GAFCON na Kigali ya ce ba ya ɗaukar Akbishop na Kantabari jagoran tarayyar.

Shekarar 2025 ta ƙara zurfafa ramin. A ƙarshen Yuli aka zaɓi Cherry Vann, wadda ke zaune da mace 'yar'uwarta, Akbishop ta Wales, Cocin Nijeriya ya yanke hulɗa da lardin. Ranar 3 ga Oktoba aka sanar da Sarah Mullally a matsayin wadda za ta gaji Justin Welby a Kantabari, mace ta farko a kujerar. Akbishop Henry Ndukuba, shugaban Cocin Nijeriya tun 2020, ya yi watsi da naɗin saboda dalili biyu: shugabancin mace, da goyon bayanta ga addu'o'in sanya albarka. Ranar 16 ga Oktoba shugaban GAFCON, Akbishop Laurent Mbanda na Ruwanda, ya sanar da cewa sun yi watsi da ginshiƙan tarayyar huɗu, kuma su ne Tarayyar Anglikan ta Duniya. Ofishin tarayyar da ke Landan bai amince da wannan iƙirari ba, kuma wasu lardunan Afirka da Asiya masu irin wannan aƙida sun ci gaba da halartar tarukansa.

A cikin GAFCON ɗin ma akwai saɓanin da aka yarda a zauna da shi. Cocin Nijeriya ba ya naɗa mata limanci, amma Kenya da Sudan ta Kudu suna da mata bishop. Hakan na nuna cewa kowace ƙungiya tana da ma'auninta na abin da ke ginshiƙi da abin da ke reshe.

'Yan Arewa uku, hanyoyi uku

Manyan limaman Arewacin Nijeriya ba su bi hanya ɗaya ba. Benjamin Kwashi, tsohon Akbishop na Jos, ya zama babban sakataren GAFCON daga 2019 zuwa 2023, yana cikin masu ganin rabuwa da Kantabari ta zama dole.

Josiah Idowu-Fearon, bishop na farko na Sakkwato a 1990, daga baya bishop na Kaduna kuma Akbishop na Lardin Kaduna wanda Dutse ke cikinsa, ya ɗauki wata hanyar. Yana cikin kwamitin da ya rubuta rahoton Windsor na 2004, wanda ya nemi kowane ɓangare ya dakata. Yana goyon bayan ƙudurin Lambeth na 1998, amma ya bayyana cewa bai goyi bayan ɗaure mutane a kurkuku saboda luwaɗi ba. A 2015 aka naɗa shi babban sakataren Tarayyar Anglikan, kujerar da ya riƙe har 2022. Cocin Nijeriya ya fitar da sanarwa cewa ba da yawunsa ya karɓi muƙamin ba.

Na uku shi ne Musa Panti Filibus, Akbishop na cocin Lutheran na LCCN mai hedikwata a Numan, ɗaya daga cikin 'ya'yan TEKAN. Ya shugabanci ƙungiyar Lutheran ta duniya daga 2017 zuwa 2023, ƙungiyar da Cocin Suwidin, mai ɗaura auren jinsi tun 2009, ke cikinta. Cocin Mekane Yesus na Habasha kuwa ya yanke hulɗa da na Suwidin da na ELCA na Amurka a 2013, amma bai fice daga ƙungiyar ta duniya ba. Dukkan waɗannan shugabanni na Afirka sun fito daga coci-cocin da koyarwarsu game da aure iri ɗaya ce. Inda suka bambanta shi ne abin da ya kamata a yi da wanda ya saɓa.

Katolika: ƙin bi ba tare da ficewa ba

Ranar 18 ga Disamba, 2023, fadar Vatikan ta fitar da takardar Fiducia Supplicans da amincewar Fafaroma Francis. Takardar ta ba limamai damar yin gajeriyar addu'ar albarka ga mutum biyu masu zaman jinsi ɗaya, bisa sharaɗin kada ta yi kama da ɗaurin aure, ta kuma jaddada cewa aure na namiji da mace ne. Cikin 'yan kwanaki majalisar bishop-bishop ta Nijeriya ta ce ba za a yi irin wannan addu'a a ƙasar ba. Ranar 11 ga Janairu, 2024, Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya fitar da matsaya a madadin bishop-bishop na Afirka cewa ba za su aiwatar da ita ba, bayan ya tattauna da Fafaroma da shugaban sashen koyarwa na Vatikan.

Ba a raba coci ba. Limamin Katolika a Dutse yana ambaton Fafaroma a addu'arsa kamar yadda takwaransa na Jamus ke yi, duk da aikinsu ya bambanta a wannan batu. Dalilin shi ne tsarin Katolika yana da cibiya ɗaya da kowa ya yarda da ita, ita kuma cibiyar ta sassauta ta bar wa Afirka hanyarta. Anglikan ba su da irin wannan cibiya mai iko, shi ya sa rigimarsu ta koma ta wa ya cancanci ya zama cibiyar.

Darasin Taraba

Inda saɓanin ya jawo zubar da jini a Arewacin Nijeriya shi ne cocin United Methodist, wanda ƙarfinsa ke Jihar Taraba, kuma daban yake da Cocin Methodist na Nijeriya. A babban taron ɗarikar na duniya da aka yi a Charlotte ta Amurka tsakanin Afrilu da Mayun 2024, an soke haramcin naɗa masu neman jinsi ɗaya limanci, aka kuma faɗaɗa ma'anar aure. Kafin nan ikilisiyoyi sama da 7,600 sun riga sun fice a Amurka, da yawansu zuwa Global Methodist da aka kafa a Mayun 2022. Reshen Kwaddibuwa ya kaɗa ƙuri'ar ficewa a Mayun 2024.

A Yulin 2024 Bishop John Wesley Yohanna ya sanar da komawarsa Global Methodist tare da magoya bayansa. Wasu suka ƙi, suna cewa tsarin ɗarikar ya bar wa kowane yanki damar riƙe dokokinsa, kuma a Disamba aka zaɓar musu sabon bishop, Ande Emmanuel. A wannan watan ne rikici ya ɓarke a Munga Dosa da ke Ƙaramar Hukumar Karim Lamido, inda aka kashe wani matashi, yara ƙanana biyu suka mutu a gidajen da aka ƙona.

Ɓangarorin biyu na Taraba duk sun ce aure na namiji da mace ne, kuma babu wanda ke ɗaura auren jinsi a cikinsu. Abin da suka yi faɗa a kansa shi ne suna da rajista da gine-ginen majami'u da makarantu da asibitoci, tare da tsohuwar gabar shugabanci da ta girmi taron Charlotte. Shawarar da aka yanke a Amurka ta zama ashana, amma busasshiyar ciyawar ta gida ce.

Koyarwar coci da dokar ƙasa

Ko da wani coci a Jigawa ya so ya bi sawun na Amurka, doka ta hana shi. Sashe na 284 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga luwaɗi. Kundin ya fara aiki a 1960, an tsara shi bisa na Sudan, wanda shi ma aka ɗauko daga na Indiya na 1860. Jigawa na cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci zuwa laifuka, ta yi hakan a 2000 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, kuma hukuncin wannan kundi, wanda kan kai ga kisa, ya shafi Musulmi ne. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan dokar haramta auren jinsi: shekara 14 ga ma'auratan, shekara 10 ga wanda ya ɗaura ko ya shaida ko ya taimaka, da kuma masu kafa ƙungiyoyinsu.

Shugabannin CAN da na Anglikan da na Katolika a Nijeriya sun yaba da dokar ta 2014, kamar yadda shugabannin Musulmi suka yi. Amma a nan ma Kiristocin duniya ba baki ɗaya suke ba, har a cikin masu tsohuwar koyarwa. A Janairun 2023 Fafaroma Francis ya ce bai kamata a ɗauki luwaɗi laifi a gaban doka ba, ko da coci na ɗaukar aikata shi zunubi. A Fabrairun wannan shekarar, a hanyarsu ta dawowa daga Sudan ta Kudu, Justin Welby da shugaban Cocin Scotland sun mara masa baya. A 2021 Welby ya fito fili ya soki kalaman da Akbishop Ndukuba ya yi amfani da su wajen kwatanta luwaɗi da cuta mai yaɗuwa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma sun ba da rahoton cewa dokar ta buɗe ƙofar karɓar kuɗi da barazana da duka a kan zargi kawai.

Kowane ɓangare na zargin ɗayan da shigo da baƙon abu. Shugabannin coci-cocin Nijeriya na cewa ƙasashen Yamma na amfani da kuɗin tallafi don tilasta al'adarsu. Masu sukarsu, irin su limamin Anglikan ɗan Zambiya Kapya Kaoma a rahotonsa na 2009, na cewa masu ra'ayin riƙau na Amurka ne suka kawo yaƙinsu na cikin gida Afirka. Rigimar yarjejeniyar Samoa a Yulin 2024, wadda gwamnatin tarayya ta musanta cewa ta ƙunshi batun auren jinsi, ta nuna yadda batun ke saurin zama makamin siyasa.

Abin da ke riƙe da haɗin kai a Dutse

Ga tsirarun da ke zaune cikin al'ummar Musulmi, alaƙa da cocin ƙetare ba maganar tauhidi kaɗai ba ce. Bishop-bishop na Arewa sun sha faɗa tun 2003 cewa duk matakin da aka ɗauka a Amurka ko Ingila, maƙwabta na iya lissafa shi a kan duk mai ɗauke da sunan Anglikan, ko da yana adawa da shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa matsayin Nijeriya ya yi tsauri, kuma ake bayyana shi da babbar murya.

Abubuwan da suka fi haɗa Kiristocin Dutse wuri ɗaya na gida ne. A Satumbar 2006 tarzoma ta ɓarke a garin bayan an zargi wata mata Kirista da ɓatanci ga addinin Musulunci, aka ƙona majami'u da dama na ɗariku daban-daban, ciki har da babbar majami'ar St. Peter ta Anglikan. A Janairun 2017 hukumar tsara birane ta jihar ta rushe majami'u biyu a Dutse bisa hujjar cewa an gina su ba da izini ba, Kiristoci kuma suka koka da wahalar samun izinin. Filin gini da takardar mallaka, koyar da addinin Kirista a makarantun gwamnati, maƙabarta, tsaro, da damar samun aiki, su ne abubuwan da reshen CAN na jiha kan kai gaban hukuma, yana dogara da sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya ba kowa 'yancin addini. A irin waɗannan buƙatu ba a tambayar ɗarikar mutum.

Tarihin CAN ma ya nuna cewa abin da ya fi yi mata barazana siyasa ce. A farkon 2013 aka bayyana cewa Cocin Katolika ya dakatar da halartar tarukan ƙungiyar a matakin ƙasa, zamanin shugabancin Fasto Ayo Oritsejafor, saboda ganin ta kusanci gwamnati fiye da kima. Auren jinsi bai taɓa raba rukunoninta biyar ba.

Abin da ya rage a warware

Batutuwa uku na gaban coci-cocin. Na farko shi ne tsari: kwamitin tauhidi na Tarayyar Anglikan ya gabatar da shawarwarin Nairobi da Alkahira a Disambar 2024, waɗanda suka nemi a rage matsayin Kantabari a kuma riƙa karɓa-karɓa a wasu ayyukan jagoranci, GAFCON kuwa na ganin gyaran bai taɓa tushen matsalar ba. Na biyu shi ne kuɗi: sanarwar Oktobar 2025 ta umarci lardunan GAFCON da kada su ba majalisar ACC gudummawa, kada kuma su karɓa daga gare ta, don haka ƙananan dayosis na aikin bishara irin na Dutse za su ƙara jingina da manyan dayosis na Kudu da abokan ƙetare masu irin aƙidarsu.

Na uku shi ne kiwon ikilisiya. Ƙudurin 1998 da Cocin Nijeriya ke kafa hujja da shi ya ɗora masa nauyin sauraren mabiyansa da abin ya shafa da kare su daga tsangwama. Dokar 2014 da tsoron tonon asiri sun sa da wuya irin wannan mutum ya buɗe baki a gaban fastonsa, ko a Dutse ko a Legas. Wannan rabin ƙudurin shi ne aka fi ƙarancin tattaunawa a kansa a Nijeriya, alhali shi kaɗai ne aiwatar da shi ke hannun ikilisiyar gida, ba ya jiran abin da za a yanke a Kantabari ko Kigali.